Kejin ƙarfe: kaye na shiri, ciwo na gaske

Gardama ba ta ƙarewa a fada da bakin kasuwa kan kokowar Amurka da ake gani a talabijin, wadda Faransawa ke kira catch. Wasu na rantsuwa faɗa ne na haƙiƙa, wasu na cewa duk ƙarya ce. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Mu ɗauki wasan da kamfanin WWE ya raɗa wa suna Elimination Chamber. An fara shi ranar 17 ga Nuwamba 2002 a birnin New York, wajen babban taron Survivor Series. Keji ne na ƙarfe da sarƙoƙi, a wancan lokacin tsawonsa kusan mita 5, faɗinsa kusan mita 11, nauyinsa wajen tan 10. Mutum 6 ke shiga. Biyu ke buɗe fage, sauran 4 kuwa ana kulle su cikin ƙananan ɗakuna, ana sakin su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka danne har alƙali ya ƙirga uku, ko wanda ya sallama, ya fita. Na ƙarshe shi ke ɗaukar kambu. A wannan dare Shawn Michaels ne ya ci, bayan shekara 4 yana jinyar baya.

To, wa ya zaɓe shi? Ba ƙarfi ba, shugabannin kamfani. Tun 1989 kamfanin ya shaida wa majalisar jihar New Jersey cewa sana'arsa nishaɗi ce, ba gasa ba, domin ya kuɓuta daga sa idon hukumar wasanni. Ana tsara wanda zai ci tun kafin a buɗe ƙofa. Ɗan kasuwa zai gane hikimar: ba a ba da kambu sai ga wanda zai jawo ƴan kallo. Saboda haka mai yin musu har da zuba kuɗi a kan wannan wasa, yana cacar abin da aka riga aka rubuta.

Amma ƙarfe bai san shiri ba. A wannan karon na farko, Rob Van Dam ya diro daga saman ɗaya daga cikin ɗakunan, ƙafarsa ta sauka a maƙogwaron Triple H. Mutumin ya ƙarasa wasa da ƙyar yana numfashi, ya ƙare a asibiti. Sai a 2017 aka sake fasalin kejin, aka shimfiɗa katifa inda da ƙarfe ne tsirara. Waɗannan kuwa ƙwararru ne da suka yi shekaru suna koyon faɗuwa, ga likita a gefe.

Nan ne abin ya shafe mu. Yaro ya ga tsalle, bai ga horo ba. Gobe sai ya hau katanga ya diro wa ƙanensa, a ƙasa mai tsauri, ba katifa, ba likita. Iyaye da malaman makaranta, ku gaya wa yara gaskiyar duka biyu: kayen na shiri ne, karayar wuya kuwa ba ta shiri.

In yaro na son kokowa, muna da tamu. Tun 1975, lokacin da Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi na farko a Tawa, fagen yashi ne ke yanke hukunci, a gaban idon kowa. A kalli ta Amurka kamar yadda ake kallon silima, a koyi ta gida wurin masu ita.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.