Zoɓo a Kofi Daban, Zoɓo a Kafso Daban

Duk wanda ya saba bi ta Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ya san muryar masu tallar magani a lasifika. "Yana wanke jini, yana ƙara jini, na ganye ne, ba ya cutarwa!" Yanzu kuma sun samo sabuwar kalma daga bakin 'yan boko, wato antiyoksidan. Ra'ayina shi ne kalmar tana da gaskiya a cikinta, amma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma mu ɗaliban harshe muna da ruwa a ciki, don da Hausa ake yin tallar.

Bari mu fara da abin da yake tabbas. Akwai wasu sinadarai a jikin tsirrai da ake kira falabonoyid. Su ne ke ba zoɓo jan launinsa, akwai su a albasa da lemo da ganyen shayi. Wani masani ɗan ƙasar Hangari, Albert Szent-Györgyi, ya taɓa kiran su bitamin P a 1936, daga baya aka janye sunan. Aikinsu, a taƙaice, shi ne rage irin tsatsar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, kamar yadda take yi wa ƙarfen da aka bari a waje. Jajayen ƙwayoyin jini kuwa kullum cikin dakon wannan iska suke, tsawon kwana 120 na rayuwarsu. A kwalbar gwaji, an sha ganin falabonoyid na rage fashewarsu.

To, amma jikin mutum ba kwalba ba ne. Kaɗan ne daga abin da aka sha ke ratsa hanji, hanta kuma ta sauya masa kama kafin ya kai jini. Shi ya sa a 2012 Ma'aikatar Gona ta Amurka ta sauke jadawalin da ke jera abinci bisa ƙarfin antiyoksidan ɗinsu, saboda 'yan kasuwa sun mai da shi abin talla.

Abin da ya fi damuna shi ne "ba ya cutarwa". Idan aka tace sinadari aka dunƙule shi a kafso, ya tashi daga abinci ya koma magani, kuma kowane magani da haɗarinsa. An taɓa sayar da wani maganin hanta a Turai mai suna Catergen, wanda falabonoyid ne zalla. A 1985 aka janye shi, domin yana sa garkuwar jikin wasu ta afka wa jajayen ƙwayoyin jininsu, har an rasa rayuka. A 2018 kuma hukumar lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi cewa tataccen sinadarin koren shayi, daga miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta.

Mu a Nijeriya ma abin ya fi shafa. Bayan sikila, akwai ƙarancin wani sinadari da likitoci ke kira G6PD, wanda ake gada, ya kuma fi bayyana ga maza. Mai shi yana yawonsa garau, sai ranar da ya haɗu da abin da jininsa bai jure ba: fitsari ya yi duhu, ido ya yi ɗorawa. Lalle ma, da muke ɗauka ado ne kawai, likitoci a Kuwait da Turkiyya sun ba da rahoton jariran da jininsu ya fashe bayan an shafa musu shi. Sinadarin lalle ba falabonoyid ba ne, amma ai shi ma ganye ne.

"Ƙara jini" kuwa, a nan ne fassarar ta yi ɓatan kai. Kare ƙwayar jini daban, samar da sabuwa daban. Hasali ma shayi mai kauri, idan aka kora abinci da shi, yana rage sinadarin ƙarfen da hanji ke tsotsa, wanda da shi ake gina jinin. Mai juna biyu da ke fama da ƙarancin jini ta ji tallar nan, ta ajiye ƙwayoyin asibiti, wa ya cuce ta?

Ni dai ba zan daina shan zoɓona ba. Amma da yawanmu gidajen rediyo za mu nufa bayan digiri, kuma wata rana za a miƙo mana irin wannan talla a ce mu fassara. Idan takardar ta ce an gwada a kwalba ko a jikin ɓera, to Hausar ma ta ce kwalba, ta ce ɓera.