DAGA BAKIN ALLO: Sarewa a Ƙarƙashin Katifa

A wannan wata za mu taɓo wata magana da muka san wasu dattawanmu za su ɗaure fuska da jin ta, wato maganar yaranmu da ke koyon kiɗa da busa, da kuma abin da ya rataya a wuyan iyayensu. Muna roƙon a yi haƙuri a karanta har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci.

Ga abin da ya jawo maganar. A nan Kwadaso akwai wani aji da ake yi ranar Asabar bayan la'asar, a wani ɗakin makarantar firamare da aka ara, inda wani saurayi da ya yi karatun kiɗa a Winneba yake koya wa yaran unguwa busa atenteben, wato sarewar gora ta Tonawa, waɗanda suka ɗan tasa kuma ya koya musu jita. An sa shi da yamma ne saboda mu, tunda kowa ya san safiyar Asabar da ta Lahadi yaran Zango suna makarantar allo. Yaranmu takwas suka fara zuwa. Kafin wata huɗu saura uku. Da muka tambayi saurayin ko namu ne ba su da kunne, sai ya yi dariya ya ce mana, "Ticha, kunne kam sun fi kowa. Ni dai idan ina so in san yaron da zai daɗe, ƙofa nake dubawa in ga wa ya rako shi."

Cikin biyar ɗin da suka bari akwai wani ɗan ajinmu na biyar, yaro mai kaifin kai, wanda in ya ji waƙa sau ɗaya ya ɗauke ta. Da muka matsa masa da tambaya sai ya faɗa mana gaskiya, cewa uwarsa ce ta biya kuɗin ajin a ɓoye, sarewar kuwa tana ƙarƙashin katifa daga Asabar zuwa Asabar, don kada Baba ya gani. To, yaron da ke busa awa ɗaya a mako, sauran kwana shida kuma yana ɓoyon abin busar kamar kayan sata, ina zai kai? Muka je muka gai da mahaifin, wani Alhaji ɗan kasuwa, mutumin kirki. Ya karɓe mu hannu biyu, amma da muka kawo zancen sai ya ce, "Malam, a gidanmu ba a taɓa haihuwar maroƙi ba, kuma ba a kaina za a fara ba."

Ba mu ga laifin Alhaji ba, domin abin da ya taras ke nan. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce, kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma ba a ɗauke ta sana'ar da ɗan mutunci zai shiga da ƙafarsa ba. Shi kansa Alhaji Mamman Shata, Allah Ya jiƙansa, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, sai da ya sha fama da mahaifinsa kafin a ƙyale shi ya yi waƙa. Amma a duba ɗaya gefen. Me ya sa 'ya'yan makaɗa suke iyawa tun suna ƙanana? Mutane su ce jini ne. Mu malaman makaranta mun ce zama ne. Ɗan mai kalangu yana jin kiɗa tun yana goye, yana ɗaukar wa ubansa ganga zuwa gidan biki, in ya kuskure a gyara masa nan take. Makaɗan Dagombawa da ke zuwa mana biki da suna a Aboabo da Asawase haka suke yi har gobe, a rataya wa yaro 'yar ƙaramar ganga daidai hammatarsa ya bi manya. Adamu Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015, ɗan makaɗin Sarkin Bukuru ne, kuma ko da ya tashi maraya a fadar ya girma, cikin kiɗa. A nan kusa da mu ma, Agya Koo Nimo, gwanin jita da aka haifa a Foase a 1934, mahaifinsa mai busa ne, mahaifiyarsa kuma mai waƙa a coci.

Wani Bajapane mai suna Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998, a kan wannan ya gina makarantarsa ta gogen Turawa a garin Matsumoto bayan yaƙin duniya na biyu. Ya lura cewa babu yaron da ya kasa koyon harshen uwarsa, komai wuyar harshen, saboda kullum yana jinsa kuma kowa a gida yana murna da kowace kalma da ya furta. Don haka ya ce uwa ko uba su zauna cikin darasi, su riƙe abin da malami ya ce, su koma gida su zama su ne masu lura. Yau ana bin hanyarsa a Amurka da Ingila da wasu ƙasashe da yawa. Mu da muka ji labarin a kwalejin horon malamai sai muka ce, ashe abin da mai kalangun unguwarmu yake yi da ɗansa ne aka rubuta a littafi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai a matsayinmu na 'yan Zango. Yaron Batone da ke zaune benci ɗaya da ɗanka yana jin molo da badujala a coci duk Lahadi, yana ganin kete da adowa a wurin makoki duk Asabar. Ko iyayensa ba su ɗaga yatsa ba, gari yana koya masa. Namu ba shi da wannan. Tun gyaran ilmi na 1987 kiɗa da rawa suna cikin abin da ake koyarwa a makarantun gwamnati, da suna iri-iri, kuma duk lokacin da aka tashi gasar al'adu ta makarantu sai ka ga 'ya'yanmu a layin baya suna tafi. Sarewar nan da Alhaji yake gani abin wasa, marigayi Ephraim Amu ne ya gyara ta har ta shiga aji, ya koyar a nan Kumasi, kuma ƙasar nan ta girmama shi har ta sa hotonsa a takardar sidi 20,000 ta da. Goge da kalangu da algaita kuwa wa zai kai su aji, in babu ɗanmu ko ɗaya da ya san yadda ake rubuta kiɗa a takarda?

Mun san akwai maganar addini, kuma malamai sun yi saɓani a kanta tun da daɗewa. Wannan ba fagenmu ba ne, mu masu alli. Uban da ya ce shi a fahimtarsa bai yarda ba, mun girmama shi, ba da shi muke ba. Muna magana ne da wanda ya yarda, ya biya kuɗi, sannan ya ɗauka ya gama nasa, kamar wanda ya kai yadi wurin tela. Da kuma wanda zuciyarsa ke rawa don bai san abin da ake koya wa yaron ba, ko waƙoƙin coci ne, ko da su wa yake cuɗanya. Maganin wannan ai benci ne. Je ka zauna a baya ka ji da kunnenka, in ka ji abin da bai yi maka ba ka faɗa wa malamin, tunda kuɗinka ne.

Ba a ce sai ka iya busa ba. Uwar ɗaya daga cikin yara ukun da suka rage tana sayar da koko da ƙosai, ba ta taɓa shiga aji ba, amma kullum in ta zauna gyaran wake da yamma sai ta ce wa 'yarta, "Zo ki busa mini abin da aka koya muku." Minti goma, shi ke nan. Ta kuma je ta ba maƙwabta haƙuri tun da wuri, don a gidan haya ɗaki goma sha biyu sarewar mai koyo ba daɗin ji gare ta ba, mun shaida. Ta hana busa lokacin salla da bayan isha'i, babu wanda ya yi ƙorafi.

Sai dai a kiyayi wuce gona da iri. Mun ga wani uba da ya ɗauki abin da zafi, ya zauna da bulala yana ƙirga kuskure, har yaron ya tsani sarewar. Gyaran yatsu aikin malami ne. Kuma a daina ce wa yaro ɗan wane ya fi shi, domin a aji mun ga abin da wannan kalma take yi wa yara.

Shi kuwa Alhajinmu, mun koma sau biyu. A na biyun ya ce zai zo ya gani da idonsa, kuma ya cika alkawari. Ya zauna a bencin baya da carbinsa, bai ce uffan ba har aka tashi. A bakin ƙofa sai ya ce wa saurayin, "Yaron nan numfashinsa bai da tsawo, yana yanke waƙar a tsakiya." Saurayin ya ce haka ne, Alhaji, rashin busa a gida ne. Alhaji bai amsa ba, ya sa takalminsa ya tafi. Bai ce ya yarda ba, bai kuma sake zuwa ba, amma yaron ya dawo aji, kuma ya gaya mana yanzu sarewar tana rataye a ƙusa kusa da kalanda. Mun dai ce masa ya sauke ta ya naɗe a tsumma kafin hunturu ya shigo, don gora tana tsagewa in iska ta bushe.