Baƙin mako biyu, da aikin da ke jiran matasanmu

Duk shekara, daga watan Yuni zuwa Agusta, idan makarantu suka tafi dogon hutu a Amurka da Turai da Koriya ta Kudu, coci-coci kan tara matasansu su sa su a jirgi zuwa wata ƙasa. Sukan yi mako biyu ko uku, su shafa wa azuzuwa fenti, su raba magani da littattafai, su yi wa'azin addininsu ta bakin tafinta, sannan su koma gida da hotuna. Iyaye da 'yan coci ne ke haɗa kuɗin tafiyar. Majami'un Nijeriya ma suna tura nasu matasan, wasu ƙauyukan Arewa, wasu su tsallaka Nijar ko Chadi.

Ni Musulmi ne, haifaffen Taloka, kuma aikin koyarwa na yi har furfura ta fito mini. Ba na fatan ɗana ya bar addininsa, ban kuma taɓa ɓoye wa abokan aikina Kirista haka ba. Duk da haka ina girmama yaron da ya bar jin daɗin hutunsa ya tafi hidimar abin da ya yi imani da shi. Abin da nake so mu auna shi ne amfanin da gari ke samu daga irin wannan zuwa. A ganina, wanda ya zo na mako biyu shi ne ke ƙaruwa, domin ya ga duniya, ya koyi tausayi. Gari kuwa yana ƙaruwa ne da wanda ya zauna, ya koyi harshe, ya saurari mutane.

Tarihin mishan a ƙasar Hausa shi kansa shaida ne. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa Arewa. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta iya kafa zangonta na farko a Patigi. Abin da mutanenmu suka riƙe daga gare su ya zo ne bayan zama mai tsawo: asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda suka fara kula da shi a ƙarshen shekarun 1930, da asibitin Galmi a Nijar, wanda aka buɗe a 1950. Duk manomin albasa a fadamar Rima ya san sunan Galmi saboda irin albasarta, kuma gidaje da yawa sun san shi saboda tiyata. Ni ma na taɓa raka kawuna can, ta Illela da Birnin Ƙonni, aka yi masa aikin gwaiwa. Na ga samarin Turawa 'yan ziyara suna kai da kawo a farfajiya, amma waɗanda suka karɓe mu suka kwantar mana da hankali ma'aikatan wurin ne, da wani likita da ya daɗe har yana tambayar kawu da Hausa inda ke masa ciwo.

Misalin da ya fi burge ni na Maraɗi ne. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zo Nijar a 1981 yana matashi, a ƙarƙashin SIM. Shekarunsa na farko ya yi su yana dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa saboda fari da iska da awaki. Sai a 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka gwada, suka gyara dabarar da nasu sanin, maƙwabci ya koya daga maƙwabci. An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma a 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood. Da mako biyu ya zo yi, da ya dasa ɗari, ya ɗauki hoto, ya tafi, kafin kaka awaki sun cinye.

Mu a nan gabashin Sakkwato, matasan Kirista da muka fi sani 'yan bautar ƙasa ne, waɗanda ake turo mana daga sansanin Wamakko a tsarin da gwamnatin Gowon ta kafa a 1973. Wata shekara ƙungiyarsu ta shirya fita wani ƙauye a tsallaken gulbi. Suka nemi izinin mai gari, ya ba su. Suka yi wa yara aski, suka wanke gyambo, suka raba maganin zazzaɓi, suka yi wa'azinsu, ranar Lahadi suka koma. Da na je ƙauyen daga baya, wani dattijo ya ce mini, "Malam, sun kyauta, Allah shi saka musu. Amma wa za shi duba mu yanzu da sunka tahi?" Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. A cikin waɗannan matasa akwai wata yarinya daga Kudu da ta koyar a makarantarmu shekara guda cur. Ta koyi gaisuwa, ta koyi durƙusa wa tsofaffi, tana shiga gida gida tana roƙon iyaye mata su bar 'ya'yansu su gama aji uku. "Baba Malam," takan ce mini, "ka raka ni, maganarka ta fi tawa nauyi." Har yau ana ambatonta, kuma ɗaya daga cikin ɗalibanta ungozoma ce yanzu.

Akwai kuma lissafin kuɗi. Tikitin jirgin yaro ɗaya daga Amurka, zuwa da komawa, ya fi albashin shekara na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 a wata. Kuɗin matasa goma sha biyar zai gina rijiya, ya biya malamin asibiti, ya ɗauki magini da mai fenti na gari waɗanda suka fi baƙin iya aikin. Sannan ga tsaro. Mutanen Gandi a ƙasar Rabah ba su manta da harin 2018 ba, na Goronyo ba su manta da abin da ya faru a kasuwarsu a Oktoban 2021 ba. A Abalak ta Nijar an sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a 2016, sai a 2023 ya kuɓuta. Duk wanda ya kawo 'ya'yan mutane wurin da bai sani ba, ya jefa su cikin haɗari, ya jefa masu masaukinsu ma.

Saboda haka ga abin da nake roƙon duk mai zuwa, Kirista ne ko Musulmi. Ya shigo ta ƙofa, ya gaida hakimi da mai gari da liman, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo shi. Kada ya ɗaura magani ko abinci a kan sauraron wa'azi, domin mai yunwa ba ya da zaɓi. Kada ya keɓe yara ba da sanin iyayensu ba, kada ya ɗauki hoton majinyaci sai da yardarsa. Mu kuma 'yan gari, baƙon da ya kiyaye waɗannan amana ne a hannunmu. Rashin yarda da addinin mutum ba ya halatta cin zarafinsa.

Amma babbar maganata da namu matasan take. Fita hidima ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Shehu Usmanu yana kimanin shekara ashirin ya fara wa'azi, kuma ya yi wajen shekara biyar a Zamfara yana karantarwa tare da ƙanensa Abdullahi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, a nan ya rasu a 1837, hubbarensa na nan kusa da mu. Nana Asma'u ta tsara 'Yan Taru, jajoji masu malfa suna ɗaukar karatu zuwa ga matan ƙauye, sadakar da suka kawo kuma a raba wa mabukata. Wannan gadonmu ne, kuma ya ginu a kan komawa wuri ɗaya shekara bayan shekara.

Dogon hutun makarantunmu yana faɗowa tsakiyar damina, daidai lokacin da aka fi bukatar hannu. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro na kwantar da yara, ana bi gida gida da maganin rigakafinsa ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Gulbin Rima na cika, kuma wanda ya ga ambaliyar Satumban 2010 ya san abin da ruwa ke iya yi wa ƙauyukan Goronyo da Wurno. Ga 'yan gudun hijira da 'ya'yansu suka yi shekaru ba aji. Muna da 'ya'ya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da makarantun koyon aikin jinya. Ba sa bukatar biza ko tafinta, sun san hanya, sun san wanda za a fara gaisarwa.

Ina kira ga ƙungiyoyin ɗalibai na Wurno da Rabah da Goronyo su zauna da hakimansu kafin hutu mai zuwa. Kowace ƙungiya ta ɗauki ƙauye ɗaya da jami'an tsaro suka amince da shi, ta tambayi mutanensa abin da ya fi damunsu, ta koya wa yara karatu da lissafi, ta taimaki ma'aikatan lafiya, ta kuma yi alkawarin dawowa baɗi. 'Yan kasuwarmu na albasa da tafarnuwa da shinkafa su ɗauki nauyin mota da abinci. In 'yan bautar ƙasa Kirista na son shiga, a buɗe musu ƙofa. Yaron da ya tsallako teku ya yi abin da zai iya a mako biyu. Sauran makonni hamsin na shekara, mu ne za mu amsa tambayarsu a gaban Allah.