Masu Motocin Tsere na Abuja, Ku Karkato Sitiyari Zuwa Ushafa

Yayyena da ƙannena masu motocin tsere da na ƙawa a Abuja, da ku nake. Ku da kuke haɗuwa ranar Asabar ko Lahadi bayan la'asar, ku jera BMW da Mercedes da Mustang da Porsche, a buɗe bonet, wannan ya saurari kukan injin wancan, a yi ta gardama kan taya da salansa har magariba ta kawo jiki. Ba na cikin masu ganin laifin wannan sha'awa taku. Bahaushe ya san son abin hawa tun kafin mota ta zo ƙasar nan. Ya san kilisa, ya san sukuwa, ya san yadda ake kashe dukiya kan sirdi da linzami da kayan adon doki. Abin da nake roƙo shi ne zumuncin da kuka ƙulla saboda mota ya kai ga mutanen da ba su taɓa zama cikin irin motocinku ba. Kuma ba zan bar ku kuna neman inda za ku fara ba. Ku fara da Ushafa.

Garin ba shi da nisa. Ka bi babbar hanyar Kubwa, ka karya ta Dutse Alhaji, ka miƙe kamar za ka Bwari, kafin ka kai za ka gan shi zaune a gindin duwatsu. Idan hanya ta buɗe, awa guda ta yi wa mai fitowa daga Maitama yawa. Asalinsa garin Gbagyi ne, manoma da maginan tukwane, amma yau ya cika da Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da ƙananan ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga tsakiyar birni. A gefensa madatsar ruwa ta Usuma take, wadda daga cikinta ake tace ruwan da ke shiga famfunan Garki da Wuse da Maitama da Asokoro. Duk wanda a cikinku aka taɓa wanke masa mota da ruwan famfon gwamnati, to daga maƙwabtan Ushafa ruwan ya taso. Tsakaninku da garin nan akwai haƙƙin maƙwabtaka tun kafin ku san sunansa.

Ushafa ta ga jerin gwanon motoci irin wanda ba za ku taɓa iya haɗawa ba. Ranar 27 ga Agusta, 2000, shugaban Amurka Bill Clinton ya zo garin tare da 'yarsa Chelsea, aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗanmasanin Ushafa, duniya ta kalli matan garin suna gina tukwane. Tun daga ranar wasu ke kiran wurin ƙauyen Clinton. Mutanen gari sun sa rai ƙwarai, kuma ba a ga laifinsu ba. Amma ziyarar yini ɗaya ce. Shekaru bayan haka 'yan jarida sun yi ta komawa suna tambaya me ya canja, amsar da suke ɗaukowa kuwa ba ta wuce koke kan hanya da ruwan sha da rashin masu sayen tukwane ba. Idan mutumin da ya fi kowa ƙarfin mulki a zamaninsa ya zo sau ɗaya bai wadatar ba, to ku ma zuwa ɗaya ba zai wadatar ba. Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take. Garin nan ya ga babban baƙo, abin da bai samu ba shi ne abokin da zai riƙa dawowa.

Shi ya sa nake so mu yi maganar gaskiya kan irin taimakon da ya zama yayi. A sayi buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, a nufi gidan marayu da azumi ko ƙarshen shekara, a jera yara a rana, a ɗauki hoto, a sa a Instagram, shi ke nan sai baɗi. Ban ce babu lada a ciki ba, ciyar da mai jin yunwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma shinkafar tana ƙarewa cikin mako biyu, hoton yaron kuwa yana nan har ya girma ya gan shi. Mutanen da suka iya haɗa kuɗi su yi odar kayan gyara daga Jamus ko Dubai, suka iya bin diddigin kaya daga tashar jirgin ruwa ta Legas har garejin bakanike a Apo, sun fi ƙarfin su tsaya a nan. Kuna da tsari, kuna da haƙuri, kuna da mutane a kowace ma'aikata. Waɗannan su ne dukiyar da talaka ba shi da ita.

Ba sabon abu nake kawo muku ba. Ku dubi masu ƙwallon doki. A Kaduna, filin Fifth Chukker da ke kusa da Maraban Jos ya daɗe yana shirya gasar Charity Shield tare da bankin Access da asusun UNICEF, kuma abin da ake tarawa ya tafi ga ilimin yaran yankin, har da gina ajujuwa. Wasan masu hali ne, kamar naku, amma sun ɗaure shi da wani aiki da ake komawa kansa kowace shekara. A Ingila akwai ƙungiyar masu motoci mai suna Sporting Bears, wadda aka kafa a 1989. Dabararsu mai sauƙi ce har ta ba ni sha'awa. A wuraren baje kolin motoci, mai sha'awa zai ba da gudummawa, a sa shi a kujerar gaba ta Ferrari ko Aston Martin, mai motar ya zaga da shi na 'yan mintoci. Mai motar shi ke ɗaukar nauyin mai da lalacewar taya, kuɗin da aka bayar kuwa ya tafi ga ƙungiyoyin kula da yara. Da wannan suka tara miliyoyin fam. Abin da mutane ke so daga gare su, wato su taɓa motar su ji ƙarfinta, shi suka mayar hanyar alheri. A nan gida kuma, a 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan har Legas, ya ratsa Sahara, don tara kuɗin yaƙi da shan inna a ƙarƙashin ƙungiyar Rotary. Mutum ɗaya ke nan da babur ɗaya. Ku kuwa ku nawa ne?

Abu na farko da zan nema a wurinku ba kuɗi ba ne. Jini ne. Duk mai son gudu akwai bashin titi a wuyansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. A ƙasarmu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha nanata cewa gudun wuce sa'a ne babban sanadi. Wanda aka kwaso daga titi jini yake buƙata kafin komai. Haka matar da jini ya ɓalle mata wajen haihuwa, haka yaro mai cutar sikila, wadda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ɗauke da ita. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin gwaji da tsakar dare yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya ko za a dace da mai irin jinin, ya san abin da nake faɗa. Ku kuwa galibinku matasa ne majiya ƙarfi. Leda guda ba ta kai rabin lita ba, kuma namiji lafiyayye zai iya bayarwa duk bayan wata uku. Ku yi magana da Hukumar Kula da Jini ta Ƙasa da ke nan Abuja, su kawo ma'aikatansu wurin taronku, a kafa rumfa a gefen motoci. Ku nemi a sa manyan asibitocin Bwari da Kubwa cikin waɗanda za su amfana, domin can ake kai marasa lafiyar Ushafa idan abu ya fi ƙarfin asibitin gari. Ranar 14 ga Yuni ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, amma kada ku jira ta.

Akwai sharaɗi, kuma ba zan sassauta shi ba. Idan za ku zo, ku zo a hankali. Hanyar Dutse zuwa Bwari ba filin tsere ba ce. Cike take da 'yan acaɓa da masu keke napep da 'yan makaranta da mata ɗauke da itace a kafaɗa irin ta matan Gbagyi. Ƙungiyar da ta raba kayan agaji da safe, da yamma kuma ɗanta ya kaɗe yaro garin wasan mota, ta rushe duk abin da ta gina, ta kuma bar wata uwa da kukan da babu kuɗin da zai share shi. Ku sa doka a tsakaninku, wanda ya karya a dakatar da shi ko ɗan wane ne. Masu hali a cikinku su shiga sahun jami'an sa-kai na hukumar kiyaye haɗurra. Ku ɗauki nauyin koya wa 'yan acaɓan Ushafa taimakon gaggawa tare da ƙungiyar Red Cross, domin su ne ke fara isa wurin haɗari, kuma sau da yawa wajen ɗaga wanda ya ji rauni ake ƙarasa masa ƙashin baya. Ku koya wa kowa lambar 122, ta kiran gaggawa ga hukumar kiyaye haɗurra.

Sai maganar tukwane, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Cibiyar ginin tukwane ta Ushafa ta samo asali ne daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida. Sana'ar kuwa ta girmi cibiyar nesa ba kusa ba. Ita ce sana'ar da ta kai Ladi Kwali Turai da Amurka, har hotonta ya hau takardar naira ashirin. Iyayenmu matan da ke durƙushe suna zagaya yumɓu da hannu ba sadaka suke nema ba, ciniki suke nema. Tukunya kaya ce mai nauyi da saurin fashewa, kai ta kasuwar birni yana cinye ribar. Ku kuwa kuna ba da kofi da lambar yabo a tarukanku, kuna raba kyaututtuka a bikin aure da suna, kuna da gidajen abinci da otal da ofisoshin da ake ƙawatawa da tukwanen fure. Me zai hana a riƙa yin odar waɗannan daga Ushafa, a biya rabin kuɗi tun kafin a taɓa yumɓu, a kuma biya farashin da ya dace ba tare da tayin wulakanci ba? Oda mai ɗorewa ita za ta sa budurwa ta ga cewa zama kusa da kakarta ta koyi ginin tukunya ba ɓata lokaci ba ne.

Ku tuna da samarin garin ma. Motar zamani sai da kwamfuta ake gano ciwonta, kuma kun san ƙwararrun da ke yin wannan aiki domin wurinsu kuke kwana. Ku ɗauki yara kaɗan, ko biyar ne, ku biya musu kuɗin koyo da na mota da na abinci har a yaye su, ku saya musu kayan aiki. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, da tallafin karatu na jiharsa ya isa makarantar zane a Detroit. Wani ne ya sa hannu a takarda, yaro ya samu hanya.

Na san za a ce zamani ya yi tsanani. Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin cika tanki ya ninka ya sake ninkawa, kuma ya taɓa kowa. Amma wanda ya iya ciyar da inji mai silinda takwas zai iya ware kuɗin tanki ɗaya a wata. Abin da ke kashe irin wannan tafiya ba ƙarancin kuɗi ba ne, zargi ne. Don haka ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk wata uku. Uwar adashi a unguwa tana riƙe amanar mata talatin da littafi ɗaya. Masu zakka su fitar da ita ga waɗanda shari'a ta ambata, kada a cakuɗa ta da kuɗin shagali. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikinku su ma suna da tasu koyarwar kan bayarwa, kuma Ushafa gari ne na masallaci da coci.

Ranka ya daɗe mai garin Ushafa, da dattawa, da limamai da fastoci, da shugabannin mata da matasa, ku ma akwai naku aikin. Idan baƙin nan suka zo, kada a tarye su da dogon jerin buƙatu da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Ku zauna tun yanzu ku zaɓi abu ɗaya, ko rijiyar burtsatse ce a unguwar da ta fi wahalar ruwa, ko rufin aji, ko murhun gasa tukwane. Ku sa mata a kwamitin, domin su suka san inda ke yi wa gida ciwo. Ku faɗi wanda zai kula da abin bayan an gama, da inda kuɗin gyara zai fito ranar da famfo ya lalace. Kuma kada a fito da yara daga aji a jera su don tarbar kowa.

Masu jin tsoron hanya saboda satar mutanen da ta addabi yankin Bwari a farkon 2024, damuwarku a kan hanya take. Ku zo da rana, ku sanar da 'yan sanda da 'yan sintirin gari, ku koma kafin duhu. Mutanen da kuke jin tsoron ziyarta na awa uku, a nan suke kwana kullum.

A taronku na gaba, kafin a tayar da inji, wani ya miƙe ya kawo wannan magana. A zaɓi mutum uku su je Ushafa ranar aiki, a mota ɗaya, ba mai ɗaukar hoto, su gaida mai gari su zauna da matan cibiyar tukwane su ji ta bakinsu. Lahadi ta uku a watan Nuwamba ita ce ranar da duniya ke tunawa da waɗanda suka rasu a haɗarin hanya. Ku sa ta a matsayin ranar ba da jininku ta farko, ku rubuta ranar ta biyu kafin ku tashi daga wurin.