Kitsen Hanta: Cutar Da Ba Ta Sallama

A Gashuwa da Nguru, da an ambaci rashin lafiya, ciwon ƙoda ake fara tunawa. Amma taruwar kitse a hanta ma tana shigowa ba sallama. Ciwon suga da ƙiba ke share mata hanya, takan ɗauki shekaru babu alama har hanta ta taurare.

Maganinta na farko shi ne rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, barin lemon kwalba, da tattaki. Jiƙon "wankin hanta" na tasha kan iya ƙara ɓarna.

Ya kamata Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru ta riƙa duba hantar duk mai ciwon suga. Ma'aikacin Abuja mai wuni kan kujera, kai ma je a duba ka.