Daga Gadon Asibiti Zuwa Bakin Kasko

Duk lokacin da muka tambayi 'yan ajin kimiyya abin da suke son zama, amsar ba ta cika wuce uku ba: likita, nas ko mai haɗa magunguna. To, a wannan makon mun ɗauko muku wani fannin lafiya da yawancinku ba su taɓa jin sunansa ba, wato okupeshonal terapi. Aikin masu wannan fanni shi ne taimaka wa wanda ciwo ko haɗari ko naƙasa ta raba da harkokinsa na yau da kullum ya koma yin su da kansa. Za mu duba abin da ake so ɗalibi ya iya kafin a ce ya kammala wannan karatu, don kowa ya auna kansa tun yanzu.

Mu fara da misali. A ce wata uwa ce mai suyar ƙosai a bakin layi, hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki na dama. Likita ya yi nasa, an ceto ranta. Masu gashin ƙashi sun yi nasu, ta miƙe tana takawa da sanda. Aka sallame ta, 'yan uwa suka yi ta barka. Amma da gari ya waye sai ta tarar ba ta iya ɗaura zani, ba ta iya ɗaga buta, balle ta riƙe matsami a gaban kasko. Kuma daga wannan kaskon ne kuɗin makarantar 'ya'yanta yake fitowa. Asibiti ya ce ta samu sauƙi, amma ita ta san rayuwarta ba ta dawo ba. A nan ne aikin ma'aikacin okupeshonal terapi yake farawa.

Fannin ba na jiya ba ne. A shekarar 1917 aka kafa ƙungiyarsa ta farko a Amurka, kuma ya samu karɓuwa wajen kula da sojojin da suka dawo da raunuka daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1952 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu wannan sana'a, wadda take shimfiɗa ƙa'idojin horarwa. Daga cikin ƙa'idojin akwai cewa ɗalibi sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana koyon aiki tare da marasa lafiya, ƙarƙashin kulawar ƙwararru. Ke nan haddar littafi kaɗai ba ta fitar da mutum.

Abu na farko da ake nema shi ne sanin jiki da ƙwaƙwalwa. Dole ɗalibi ya san ƙasusuwa da tsoka da jijiyoyi, da abin da kowane sashe na ƙwaƙwalwa yake sarrafawa. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne yake juya ɓarin dama na jiki, kuma a wajen yawancin mutane nan ne cibiyar magana take. Shi ya sa mai ƙosanmu za ta iya fama da sarƙewar harshe ban da mutuwar hannu. Wanda kuma ciwon ya taɓa masa ɓangaren dama, wani lokaci yakan daina lura da duk abin da ke hagunsa, har ya cinye rabin abincin da ke faranti ya bar rabi, alhali idonsa lafiya lau. Wanda bai san wannan ba sai ya ɗauka ganganci ne ko rashin cin abinci.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan sana'ar, iya rarraba aiki gunduwa-gunduwa. Ku ɗauki shan koko da ludayi. Mu a wajenmu abu ɗaya ne. Shi ma'aikacin kuwa yana ganin matakai: zama daram ba tare da karkacewa ba, ganin inda kwanon yake, miƙa hannu, damƙe ludayi, ɗiba, juya wuyan hannu ba tare da zubarwa ba, kaiwa baki, sannan haɗiya. Sai ya gano a wane mataki ne aikin yake tsinkewa. Idan a damƙa ne, maganinsa daban. Idan a zama ne, daban. Daga nan sai ya tsara atisaye daga mai sauƙi zuwa mai wuya, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Na uku, hannu mai dabara. Ana koya wa ɗalibai yin takalmin hannu da wata roba da take laushi idan an tsoma ta a ruwan zafi, a lanƙwasa ta daidai da hannun mara lafiya, ta sandare idan ta huce, don kada yatsu su ƙage. Amma irin wannan roba tana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Saboda haka ana so wanda ya kammala ya iya aiki da abin da ke gabansa. Ya naɗa soso ko tsumma a mariƙin cokali ya yi kauri, hannun da ba shi da ƙarfi ya iya riƙewa. Ya zauna da kafinta su ƙera kujerar da za ta tallafi yaron da ba ya iya zama. Ya duba dokin ƙofa da makewayi ya ce ga inda za a gyara don keken guragu ya wuce. Akwai kuma dabarun da ba sa cin ko kwabo. Misali, mai shanyewar hannu yakan fara zura hannun da ya mutu a riga, in zai cire kuma ya fara da mai lafiyar.

Na huɗu, kunne da harshe. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙwararren ma'aikaci ba ya yanke wa mara lafiya abin da ya fi muhimmanci, tambayarsa yake yi. Wani dattijo burinsa ya iya alwala da kansa. Wata ɗaliba burinta ta riƙe biro kafin jarabawa. Tela yana so ya koma kan keke. Sannan dole ya san al'adar mutanen da yake yi wa aiki. A wani wuri, cewa mutum ya koma ci da hannun hagu ba wani abu ba ne. A wajenmu kuwa magana ce mai nauyi, sai an bi ta da hikima, har a jawo iyali cikinta. Maganar wanka da shiga bayi tana tattare da kunya, sai da ladabi da riƙon sirri. Wani lokacin ma aikin da ya fi wuya shi ne shawo kan 'yan uwa masu tausayi, waɗanda suke yi wa mara lafiya komai. A ce musu, "Hajiya, ki bar Baba ya gwada da kansa, ko da zai ɗauki lokaci." Hannun da ba a barin sa ya motsa ba ya koyon komai.

Na biyar, aunawa da rubutawa. Ba a cewa "ta ɗan samu sauƙi" a yi shiru. Ana auna iya inda gaɓa take lanƙwasuwa da ƙarfin damƙar hannu, a rubuta, a sa buri mai wa'adi, kamar a ce nan da mako huɗu ta ɗaura zani ba tare da taimako ba. In wa'adi ya cika a sake aunawa. In ba a ga ci gaba ba a sauya hanya. Wannan rubutu ne likita da nas da mai gyaran magana za su karanta, don haka sai ya fito fes. Ana kuma so ma'aikaci ya san iyakarsa, ya san lokacin da zai mayar da mara lafiya wajen likita, kuma ya ci gaba da karanta sabon bincike bayan ya bar makaranta.

Na ƙarshe, haƙuri. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai hana sarrafa gaɓoɓi zai iya shafe watanni kafin ya kai loma bakinsa. Mai fama da taɓin hankali zai iya ƙin kula ka yau, gobe ya saurare ka. Wanda yake son ganin sakamako nan take zai sha wuya a wannan aiki.

To, ina hanyar? A Najeriya ana bukatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana ba da digiri a fannin, akwai kuma makarantar gwamnatin tarayya ta okupeshonal terapi a Oshodi, jihar Legas. Ku riƙa duba littafin kwasa-kwasan JAMB na shekararku don ganin sauran makarantu. Bayan kammalawa sai an yi rajista da hukumar MRTB, wadda take ba ma'aikatan farfaɗo da marasa lafiya lasisi. Wuraren aiki sun haɗa da asibitocin ƙashi, asibitocin ƙwaƙwalwa, asibitocin koyarwa da makarantun yara masu bukata ta musamman. Masu sana'ar ba su da yawa a ƙasar nan, mai jin Hausa a cikinsu kuwa abin nema ne, domin tsohuwar da ba ta jin Turanci da harshenta za ta faɗi abin da ke damunta. Ga kuma dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta wajabta gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga. Ana bukatar waɗanda suka san yadda gyaran ya kamata ya kasance.

Ga aikin gida na wannan mako. Gobe da safe ku sa hannunku na dama a baya, ku gwada sa rigar makaranta da ɓalle maɓallanta, ko ɗaura ɗankwali, da hannu ɗaya. Ku rubuta matakan da kuka bi, da inda kuka maƙale, da dabarar da kuka yi kuka wuce. In akwai tsoho ko mara lafiya a gidanku, ku tambaye shi cikin ladabi wane aiki ne ya fi kewar yi da kansa, ku saurara har ya gama. Wanda ya ji wannan aiki ya kwanta masa a rai, ya ƙara ƙaimi a Bayoloji da Fiziks, ya kuma aiko mana da abin da ya gano. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.