Masu Roƙon A Mayar Wa Mashayi Lasin

Dokar hanya ta Gana ta 2004 ta yanke iyaka: kada barasa a jinin direba ta wuce kashi 0.08 cikin ɗari, kotu kuma tana da ikon hana mai laifin tuƙi. Amma da zarar an kama ɗan zango yana warin giya a hanyar Ankara zuwa Kumasi, sai dattawa su naɗa rawani su nufi caji ofis, wai a yi haƙuri, mai iyali ne. Fasinjojin da ya ɗauko fa, daga sama suka faɗo? Iyayenmu, ku ji tsoron Allah. Ranar da ya hallaka rai kada ku ce ƙaddara, domin da bakinku kuka mayar masa da sitiyari.